Je t'aime Ba Ta da Surukai

Ran wata Juma'a da la'asar ɗiyar ƙanwata, wadda ke karatu a jami'a, ta shigo min da waya a hannu, idanunta sun kaɗa sun yi jawur. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta miƙo min wayar ta ce, "Kawu, kai ne malamin Faransanci. Karanta wannan ka gaya min ko ni ce ban fahimta ba."

Saƙonnin wani saurayi ne, na tsawon wata 7. Da asuba mon cœur, wato zuciyata. Da rana mon trésor, taskata. Kafin barci je t'aime, wani lokaci har sau uku a jere. Abin da ya kawo kukan shi ne ta ji labari an sa masa rana da wata yarinya a garinsu. Da ta tuhume shi, sai ya ajiye Faransanci gefe ya ba ta amsa da Hausa tsantsa, layi ɗaya tak: "Ni na taɓa ce miki ina son ki?" Na bi saƙonnin tun daga farko har ƙarshe ina neman inda zan kama shi, ban samu ba. Duk tsawon watannin nan yaron bai taɓa rubuta "ina son ki" ba ko sau ɗaya. Da Faransanci ya yi soyayyar, da Hausa ya yi musun, kuma na tabbata a ransa bai ɗauki kansa maƙaryaci ba.

Na yi shekara sama da 20 ina koyar da Faransanci, da shi na ci na sha na riƙe iyali, don haka kada wani ya ce ƙiyayyar harshen ce ke cina. Abin da ke damuna wata magana ce da muka haɗiye ba tauna, daga Yamai har Damagaram, daga Tawa har Maraɗi: wai Faransanci shi ne harshen soyayya, Hausa kuwa ta yi kauri, ba ta lanƙwasuwa, ciniki da faɗa da wa'azi kawai ta iya. Za ka ji maganar a majalisar samari wajen shan shayi, ka ji ta a bakin 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, har a bakin marubutan da Hausar ce ke ciyar da su. Ƙarya ce, kuma ƙaryar tana da waɗanda take cuta, yawancinsu mata.

Mu fara da Faransancin kansa, tunda da yawa masu yi masa kirari ba su tsaya sun dube shi ba. Aikatau ɗaya Bafaranshe ke da shi na yau da kullum, aimer. Da shi yake son matarsa, da shi yake son cuku, da shi yake son ƙwallo, kamar dai yadda muke son tuwo da son mutum da kalma ɗaya. A nan bai fi mu da komai ba. Abin dariyar shi ne, a bakin Bafaranshe, ƙari a kan je t'aime rage mata ƙarfi yake yi. Je t'aime bien, wadda kalma-kalma take nufin "ina son ki da kyau", ma'anarta "kina da kirki, amma mu tsaya a abota". Je t'aime beaucoup, "ina son ki da yawa", in budurwa a Faris ta ji ta daga bakin saurayi sai gabanta ya faɗi, don sau da yawa sallama ce cikin ladabi. Mu nan kuwa yaro ya jera beaucoup uku yana ganin ya kai ƙarshen zance. Wato ko harshen da muke yabo ba yadda masu shi ke yi muke yi ba, ɓawon kawai muka ɗauko.

A dubi sunayen da suke kiran masoyi da su. Mon chou, kabejina. Mon lapin, zomona. Ma poule, kazata. Ma puce, ƙumata, ƙumar nan mai cizon kare. A kunnen Bafaranshe zuma ne, domin tun yana goye uwarsa ke kiransa da irinsu, kuma zaƙin kalma daga bakin da ka fara jin ta yake zuwa. Kai kuwa je ka ƙofar gidan su yarinya ka ce mata "ƙumata" ka ga ko za a sake shimfiɗa maka tabarma. Da an fassara sai asiri ya tonu, a gane cewa abin da ke kwasarmu a chérie da bébé ƙamshin nesa ne kawai. Wata gwaggota da ta gaji da jin jikokinta suna ta "sheri, sheri" a waya ta ce, "Ai kuwa sharrin ne, Allah ya raba mu da shi."

Abu ɗaya na yarda Faransanci na da shi mai ban sha'awa, shi ne wakilin suna biyu na wanda ake magana da shi. Baƙo da babba vous ake ce musu, na jiki kuwa tu. Ranar da mutum biyu suka sauka daga vous zuwa tu, an san an shaƙu. A wajensu kusanci yana zuwa da sauke nauyi. Mu kuwa gwargwadon yadda mutum ya shiga ranka, gwargwadon yadda sunansa ke yi maka nauyi a baki. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Mace ta yi shekara 40 da mijinta ba ta taɓa kama sunansa ba, sai Malam, sai maigida, sai Baban wane. Wanda ya auna mu da mudun Faris sai ya ce babu so a gidan. Amma duk wanda ya taɓa ganin fuskar tsohuwa lokacin da ta ji gyaran muryar tsohonta a zaure ya san abin da ake nufi da labarin zuciya a tambayi fuska. Hanya biyu ce, kowace da ƙa'idarta. Wa ya naɗa ɗaya ta yi wa ɗaya alƙalanci?

Shi kansa kirarin "harshen soyayya" bai jure bincike. Waƙoƙin begen da suka fara jawo wa Faransa wannan suna a Turai, na mawaƙan da ake kira turubadu, a kudancin ƙasar aka yi su a ƙarni na 12, kuma da harshen Oksitan, wanda ba shi ne Faransancin Faris ba. Na farkonsu da aka sani, Guillaume na 9, basaraken Akiten, an haife shi a 1071. Shekara 7 kafin haihuwarsa Ibn Hazm na Ƙurɗuba ya rasu, bayan ya bar wa duniya Ɗauƙul Hamama, littafi sukutum da Larabci a kan so da alamominsa da ɗan aike da magulmaci da rabuwa. Har yau masana na muhawara kan yawan abin da mawaƙan kudancin Faransa suka ɗebo daga maƙwabtansu na Andalus. A 1794 kuma wani limamin coci mai suna Grégoire ya kai wa majalisar juyin juya hali rahoto cewa masu jin Faransanci yadda ya kamata ba su wuce miliyan 3 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 25. To sauran da wane harshe suke neman aure? Da harsunan iyayensu mana, waɗanda daga baya makaranta ta bi da horo har ta kusa shafe su. Oksitan ɗin da ya haifi waƙar begen yana cikinsu.

Daɗin baki kuma bai taɓa zama shaidar adalci ba. Dokar Napoleon ta 1804 ta rubuta ƙarara cewa wajibi ne mace ta yi wa miji biyayya, kuma sai a 1965 matar aure a Faransa ta samu ikon buɗe asusun banki ko kama aiki ba da izinin mijinta ba. Duk tsawon shekarun nan ana ce mata mon amour. A Faris akwai wata gada a kan kogin Sen, Pont des Arts, inda masoya daga ko'ina suka riƙa maƙala kwaɗo suna jefa makulli a ruwa, wai alamar har abada. A 2014 wani ɓangaren shingen gadar ya karye don nauyi, a 2015 hukumar birnin ta kwashe kwaɗunan, kimanin tan 45. Faransawa suna so suna rabuwa kamar kowa, ba dariya nake musu ba. Ina so ne a gane cewa "birnin soyayya" da "harshen soyayya" haja ce da aka iya tallarta, tare da turare da fim da tikitin jirgi, mu kuma muna sahun masu saye.

Yanzu a dubi Hausar da aka ce ta yi kauri. So daban, ƙauna daban: kana iya son mutum don abin da za ka samu, ƙauna kuwa sai da tausayi a ciki. Bege shi ne son wanda ba ya kusa, mai sa mutum waƙa, shi ya sa da shi muke yabon Annabi (SAW). Kewa ita ce ramin da mutum ke bari in ya tafi. Marmari, ɗoki, shauƙi, shaƙuwa, kishi, kowace da gurbinta, ba mai zama a kujerar wata. Muna cewa rabin raina, sanyin idona, abar begena. Karin maganarmu ya san so ciki da bai: so gamon jini, so hana ganin laifi, garin masoyi ba ya nisa, son maso wani ƙoshin wahala. Al'ummar da ba ta san abin ba ba za ta zauna ta ƙera wannan kaya ba. A 1980 Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya, a farkon shekarun 1990 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, aka riƙa karɓarsu hannu-hannu har bangonsu ya yage. Kasuwar adabi guda ta tsayu a kan soyayya da Hausa zalla.

To me ya sa yaranmu ke gudun ta? Dalili na farko a lakwal aka dasa shi. Waɗanda suka yi firamare a zamaninmu sun san sambol, wani ƙashi ko guntun katako da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa, don wanda aka tashi da shi a wuyansa zai sha bulala. Yaron da aka koya wa cewa harshen uwarsa abin kunya ne a aji, in ya girma ya tashi burge budurwa, ba zai ɗauko abin da aka doke shi a kansa ba. Je t'aime a bakinsa takardar shaida ce: na yi boko, ina da gobe, wataƙila har da albashi. Wannan ina tausaya masa.

Dalili na biyu shi ne wanda ba a son faɗi. A Hausa "ina son ki" magana ce mai dangi. Ka faɗe ta a ƙofar gida sau biyu, na uku za a ce ka turo magabatanka. Har wani mataki muke da shi a neman aure da ake kira "na gani ina so", da kuɗinsa, da dattawan da za su kai, da waɗanda za su karɓa su shaida. A wajenmu so na fita daga baki ya zama bashi, magana zarar bunu ce. Je t'aime kuwa ba ta da kawu, ba ta da baffa, ba ta san hanyar zauren kowa ba. Ban taɓa jin uban da ya kira yaro ya ce, "Na ji ka ce wa ɗiyata je t'aime, yaushe za ka turo?" ba. Shi ya sa take da sauƙin faɗi, har a tura wa mutum biyar a dare ɗaya. Ita yarinyar tana karantawa tana fassarawa a zuciyarta da Hausa, da duk nauyin Hausar, shi kuwa ya rubuta ne da harshen da ba ya kai shi gaban kowa. Ciniki ne da kuɗi iri biyu, ita ta biya da na gaske, shi ya biya da na wasan yara. A tsallaken iyaka, Kano da Kaduna, Ingilishi ke yin wannan aikin, cutar dai ɗaya ce.

Na san abin da za a ce min, ɗalibaina mata sun sha faɗa min shi ido da ido. Sukan ce, "Malam, wannan nauyin da kake yabo shi ne ya danne mu. Hausar da ka ce mai dangi ce, dangin ne ke magana, mu ba a tambayar mu. Budurwa ta ce 'ina son ka' da Hausa sai a ce ba ta da kunya. Faransanci ne ya ba mu ɗakin da za mu turo ƙofa mu faɗi abin da ke ranmu, inna ba ta ji ba, baba bai gane ba." Gaskiya suka faɗa, ba zan kauce mata ba. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kusan 3 cikin 4 na 'yan mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18, duk wanda ya ce tsarinmu na neman aure ba shi da laifi son ransa ya faɗa. Kunyar ma da na yaba a baya ta sha zama mafakar azzalumi, inda ake ɗaukar shirun tsoro a ce amincewa ce.

Sai dai ɗakin nan mutum nawa yake ci? Ko a ƙididdigar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, masu jin harshen a Nijar ba su kai 1 cikin 5 ba. Yarinyar da aka cire daga aji huɗu aka kai ɗakin miji ba ta da je t'aime, ba ta kuma da non. Idan ikon faɗin so da ƙi sai da Faransanci, mun yarda ke nan ya zama na 'yan lakwal kaɗai, sauran su ci gaba da sunkuyar da kai. Ita mai lakwal ɗin ma ga ɗiyar ƙanwata nan: ɗakin da ta shiga don ta ɓuya wa iyaye, ashe a cikinsa saurayin ya ɓuya wa alhaki. Abin da ya kamata mu yi faɗa a kansa shi ne budurwa ta iya cewa "ina so" ko "ba na so" da Hausa, a gaban uwa da uba, a kuma saurare ta. Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinta wannan yaƙin suka yi da alƙalami. Da Hausa suka yi shi, shi ya sa ya isa ɗakunan da ya kamata ya isa, shi ya sa kuma ya jawo musu zagi.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an shafa fatiha. Ku lura da gidajenmu na 'yan boko. Faransancin zance yakan ƙare tare da kayan lefe. Wata shida da tarewa chérie ta koma "ke", saƙon waya ya koma "an kawo wuta?" da "me aka dafa?" Tunda ba su taɓa yin tattausar magana da Hausa a tsakaninsu ba, in Faransancin ya tafi ba abin da ya rage sai umarni da ƙorafi. 'Ya'ya su tashi suna jin Hausa a bakin uba lokacin tsawa kawai, lallashi kuwa sai a talabijin da wani harshe. Su ne gobe za su zo aji su ce min Hausa ba ta da taushi. A ina za su ji taushin? Harshe kamar hannu yake, abin da aka saba yi da shi shi yake iyawa. Mu muka hana ta aikin, muka dawo muna ce mata raguwa.

Babban laifin na ajiye wa 'yan'uwana marubuta, musamman masu sakin labari a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Marubuci ya yi shafi 50 da Hausa mai daɗi, kishiya ta yi makirci da Hausa, suruka ta yi masifa da Hausa, boka ya yi surkulle da Hausa. Da an zo wurin da jarumi zai buɗe zuciyarsa sai harshe ya sauya, na Nijar ya koma mon amour, na Najeriya ya koma Ingilishi. Ragwanci ne. Nan ne wurin da ya fi wuyar rubutu, inda sai ka yi gumi kafin ka samo kalmar da ba ta yi lami ba kuma ba ta yi batsa ba, sai ka tsallake ka buɗe ta gwangwani. Ban hana a sa Faransanci a bakin mutum ba in haka yake magana. Mayaudari irin saurayin ɗiyata dole a ba shi je t'aime ɗinsa, don da ita yake farauta, amma marubucin ya san abin da yake yi, ya bar mai karatu ya hango ramin. Wanda ya sa ta don shi kansa ya yarda ta fi "ina ƙaunar ki" daraja, yana koya wa dubban 'yan mata su raina maganar da ke ɗaure namiji, su amince da wadda ba ta ɗaure kowa.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kafin nan, a 2024, an sauke sunan de Gaulle daga wani babban titi a Yamai aka sa na Djibo Bakary. An yi ta tafi. Amma sauya allon titi aikin yini ɗaya ne da tsani da fenti, kuma ba dokar da za ta shiga wayar saurayi da ƙarfe 11 na dare ta zaɓa masa kalma. Na san masu tsine wa Faransa da rana a dandali, da dare suna rubuta mon bébé. Ba na neman a haramta komai, maganar kuma ta shafi Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari daidai da yadda ta shafe mu, kowa da harshen uwarsa. Takarda ta ba Hausa sarauta, saura mu mu yarda mu faɗi da ita abin da muka fi jin tsoron faɗi.

Ɗiyar ƙanwata ta tambaye ni ko ita ce ba ta fahimta ba. Na ce mata Faransancinta lafiya lau, ta ma fi yaron iyawa, don har kurakuran nahawu na yi ta tsinta a saƙonninsa. Na ce ta ci gaba da karatu da shi, ta ci jarrabawa da shi, ta nemi aiki da shi. Amma duk wanda ya sake ce mata je t'aime, ta yi murmushi ta ce, "Na gode, maimaita da Hausa." In ya maimaita, ta tambaye shi sunan baffansa da unguwar da yake. In kuwa ya yi dariya ya ce Hausa ta yi nauyi, to ya faɗi gaskiya, nauyin ne ba ya son ɗauka. Ta bar shi ya kai kabejinsa wata kasuwar.